Tsayuwar Ƙafa da Ciwon Gaɓoɓi Mai Daɗewa: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum yakan shafe watanni yana fama da ciwon gwiwa ko na kwankwaso, ya sha magani, ya yi gashi, sannan wata rana a ce masa asalin matsalar tana tafin ƙafarsa. Wani lokaci maganar tana da gaskiya, wani lokaci kuma hanya ce kawai ta sayar masa da shimfiɗar cikin takalmi mai tsada. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda masu ciwon da ya haura wata uku, wanda shi likitoci ke kira ciwo mai daɗewa, suka fi yawan yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da tsayuwar ƙafa?

Ana nufin yadda ƙasusuwan ƙafa ke jeruwa idan nauyin jiki ya hau kansu, da kuma yadda suke motsawa tun daga lokacin da diddige ya taɓa ƙasa har yatsu su bar ta. Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, ta yadda ƙafafun biyu suka tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Ƙasusuwan ba a shimfiɗe suke ba, sun yi kwarmi ta gefen ciki, kuma abubuwan da ke riƙe da kwarmin su ne siffar ƙasusuwan kansu, da wata faffaɗar jijiya da ta taso daga diddige zuwa gindin yatsu, da kuma wata tsoka da ke bayan ƙwauri wadda jijiyarta ta zagayo ta bayan idon sawu na ciki.

Mai karatu zai iya ganin aikin faffaɗar jijiyar da idonsa. Idan ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwa, ya ja babban yatsa sama da hannu, sannan ya danna tsakiyar tafin ƙafar, zai ji wani abu ya ɗaure tamau a ƙarƙashin fata, kwarmin kuma ya ƙara zurfi. Wani masani ɗan Birtaniya, J. H. Hicks, shi ya yi bayanin wannan tsari a 1954. Abin da ke faruwa ke nan a kowane taku: da farko ƙafa tana saki ta ɗan kwanta zuwa ciki domin ta shanye bugun ƙasa, daga baya kuma, yayin da diddige ya ɗaga yatsu suka lanƙwashe, sai ta ƙage domin ta tura jiki gaba. Saboda haka kwanciyar ƙafa zuwa ciki ba aibu ba ce, aikinta ne. Ana fara maganar matsala ne idan ta yi yawa, ko ta daɗe har lokacin da ya kamata ƙafar ta ƙage, ko kuma ƙafar ta ƙi kwantawa sam.

Ta yaya abin da ke tafin ƙafa zai kai ga gwiwa, ƙugu da baya?

A ƙarƙashin idon sawu akwai wata gaɓa da ke tsakanin ƙashin diddige da ƙashin da ke bisansa, kuma a karkace take juyawa. Dalilin wannan karkata, duk sanda ƙafa ta kwanta zuwa ciki sai ƙashin ƙwauri ya ɗan juya ciki tare da ita. Gwiwa tana bin ƙwauri, cinya tana bin gwiwa, ƙugu kuma yana iya ɗan sunkuyawa gaba, abin da ke ƙara lanƙwasar gadon baya. Juyin kaɗan ne, amma a tafiya ƙasa tana mayar wa ƙafa da ƙarfin da ya ɗan zarce nauyin jiki, a gudu kuma ya kai ninki biyu zuwa uku, kuma ana maimaita wannan sau dubbai a yini.

Daga nan ne aka samo maganar da ake yawan ji, cewa ƙafa ita ce harsashin jiki, idan harsashi ya karkace dole bango ya tsage. Kwatancen yana da daɗin ji amma yana ɓatar da mutane, domin bango ba ya da tsoka, ba ya gyara tsayuwarsa, ba ya kuma ƙara ƙarfi idan an ɗora masa kaya, alhali jiki yana yin duka ukun. Sannan lamarin ba daga ƙasa zuwa sama kaɗai yake tafiya ba. Idan tsokokin gefen ƙugu suka yi rauni, cinya takan faɗa ciki, gwiwa ta bi ta, sai a ga ƙafa ta kwanta, a ɗora mata laifin da ya sauko daga sama. Haka nan mai ciwon gwiwa yakan sauya takunsa domin kauce wa zafi, bayan shekaru kuma tsayuwar ƙafarsa ta sauya.

Shin bincike ya tabbatar da wannan alaƙa?

Ya tabbatar da ita a wasu wurare, ya raunana ta a wasu, kuma ko inda ya tabbatar ba ta kai girman da ake zuzuta ta ba.

A shekarun 1970 wani likitan ƙafa a Kalifoniya ta Amurka, Merton Root, tare da abokan aikinsa, sun yaɗa ra'ayin cewa akwai tsayuwa guda da ta dace da kowace ƙafa, kuma kauce mata shi ne tushen ciwo. A kan wannan ra'ayi aka gina yawancin sana'ar ƙera shimfiɗar takalmi. Sai dai da aka riƙa auna ƙafafun mutanen da ba su da ciwon komai, an tarar mafi yawansu ba su cika wannan ma'auni ba, wanda ke nuna cewa ma'aunin ne ya yi ƙunci.

A garin Framingham na Amurka an duba mutum 1,930, aka wallafa sakamakon a 2013. Siffar ƙafa a tsaye, shimfiɗaɗɗiya ce ko mai zurfin kwarmi, ba ta nuna alaƙa da ciwon baya ba. Abin da ya nuna alaƙa shi ne yawan kwanciyar ƙafa zuwa ciki lokacin tafiya, shi ma a mata kaɗai. Wani nazarin da aka yi a kan manya na wannan gari, wanda ya fito a 2011, ya gano cewa masu ƙafafun da suka fi shimfiɗewa sun ɗan fi sauran samun ciwon gwiwa da zaizayar guringuntsi ta gefen ciki. Amma duka biyun sun duba mutane ne a lokaci guda, don haka ba za su iya cewa ga wanda ya riga wani tsakanin siffar ƙafar da ciwon ba.

Nazarin da ya bi mutane tun kafin su ji ciwo ya fi ƙarfin hujja. A Denmak an ba sababbin masu gudu 927 takalmi iri ɗaya marar wani tallafi na musamman, aka bi su tsawon shekara guda, kuma sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna cewa masu ƙafar da ke kwantawa ciki ba su fi sauran jin rauni ba. Tun a 1993 ma wani nazari a kan kuratan sojan ƙasa na Amurka ya gano cewa masu zurfin kwarmi ne suka fi jin rauni a lokacin horo, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa kuwa su ne suka fi tsira, duk da cewa an daɗe a ƙasashe da dama ana hana irinsu shiga soja. Inda alaƙar ta fi fitowa fili shi ne ciwon gefen ƙwauri na masu gudu da masu fareti.

Idan aka haɗa waɗannan, hukuncin da ya dace shi ne cewa tasirin ƙafa yana raguwa ne gwargwadon nisan gaɓa daga gare ta. A cikin ƙafar da idon sawu yana da ƙarfi, a ƙwauri da gwiwa matsakaici ne, a ƙugu da baya kuwa rauni gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba a iya danganta shi da wani sanadi guda. Duk wanda ya kalli tafin ƙafar mutum na minti ɗaya ya ce ya gano tushen ciwon bayansa na shekara biyar, ya faɗi abin da ba ya da hujjarsa.

To shimfiɗaɗɗiyar ƙafa cuta ce ko ba cuta ba ce?

Ya danganta da irinta. Akwai mai laushi, wadda kwarminta ke ɓacewa idan an tsaya, ya dawo idan an zauna ko an yi ɗage a kan yatsu. Wannan ita ce mafi yawa, galibi gadonta ake yi, tana shafar ƙafafu biyu daidai, kuma mutane da yawa suna rayuwa da ita har tsufa ba tare da ciwo ba. Idan ba ta ciwo, babu abin gyarawa.

Akwai kuma ƙagaggiya, wadda kwarmi ba ya fitowa ko an yi ɗage. Ɗaya daga cikin sanadinta shi ne haɗewar wasu ƙasusuwan bayan ƙafa tun daga haihuwa, abin da yakan fara ciwo a shekarun balaga tare da yawan targaɗe. Wannan tana bukatar hoton ƙashi.

Ta ukun ita ce ta fi cancantar a sa mata ido, wato ƙafar da da can tana da kwarmi, sannan ta fara faɗuwa bayan mutum ya girma, yawanci ƙafa ɗaya. Sanadinta mafi yawa shi ne lalacewar jijiyar nan da ta zagayo bayan idon sawu na ciki, kuma ta fi kama mata da suka haura shekara 40, musamman masu ƙiba, ciwon suga ko hawan jini. Tana farawa da zafi da kumburi a ƙasan idon sawu ta ciki. Daga baya diddige ya karkata waje, idan an tsaya a bayan mutum kuma a ga yatsun ƙafar da abin ya shafa sun fi na ɗayar leƙowa ta gefe. Idan aka tare ta da wuri, takalmin riƙe idon sawu da atisaye sukan wadatar. Idan aka bari gaɓoɓin suka ƙage, sai dai tiyata.

Mai zurfin kwarmi fa, shi ya tsira?

Bai tsira ba. Irin wannan ƙafa ba ta saki sosai, saboda haka ba ta shanye bugun ƙasa, nauyi kuma yana taruwa a diddige da gindin yatsu da gefen waje. Masu ita sukan yi kanta a waɗannan wurare, su riƙa yawan targaɗe, wasu kuma su sami tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa saboda yawan aiki. Idan kwarmin yana ƙara zurfi da shekaru, yatsu suna tanƙwarewa, ƙwauri yana ramewa, ko kuma ƙafa ɗaya ce kawai ta yi haka, lallai a ga likitan jijiyoyi, domin cututtukan jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka, har da na gado irin su Charcot-Marie-Tooth, sukan fara bayyana ta haka.

Waɗanne ciwuka ne suka fi yiwuwa daga ƙafar suke?

Na farko shi ne ciwon diddige da ke sukar mutum a takun farko na safe, ya lafa bayan ɗan zagaye, ya dawo bayan dogon zama ko doguwar tsayuwa. Wannan daga mahaɗar faffaɗar jijiyar da ƙashin diddige yake, kuma an ƙiyasta mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa. Ƙiba, tsayuwa yini guda a daɓe mai tauri, da ɗaurewar tsokar sha-raɓa har idon sawu ya kasa lanƙwasawa sosai, su ne suka fi jawo shi. Sau da yawa hoto yakan nuna ɗan tsinin ƙashi a diddige, mutum ya tsorata, alhali mutane da yawa suna da tsinin ba su da ciwo, kuma ciwon yakan warke tsinin yana nan. Mafi yawan masu shi suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da tiyata ba.

Sai ciwon agara a bayan diddige, da ciwon gefen ƙwauri na ciki bayan gudu, da ciwon gaban gwiwa da ke tashi wajen sauka daga matattakala ko tsuguno ko dogon zama. Sai kuma karkacewar babban yatsa zuwa ga 'yan'uwansa tare da ƙullutu a gindinsa, wadda ke samun kusan kashi 23 cikin 100 na manya 'yan ƙasa da shekara 65, da sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura haka. Idan babban yatsa ya karkace ko ya ƙage, mutum yakan koma tura jiki da gefen ƙafa, kuma wannan sauyin taku yana iya kai gajiya sama.

Me ya sa mutum biyu masu ƙafa iri ɗaya, ɗaya yana ciwo ɗaya ba ya yi?

Domin siffar ƙafa tana nuna inda nauyi zai fi sauka ne kawai, ba ta nuna ko wurin zai iya ɗauka. Jijiya da tsoka da ƙashi suna sabawa da aikin da ake ba su sannu a hankali, ciwo kuma yakan zo ne idan aikin ya ƙaru da sauri fiye da yadda za su saba. Shi ya sa tambayar da ƙwararren likita ke fara yi ita ce: me ya sauya kafin ciwon ya fara? Sabon aiki na tsayuwa, ƙarin nauyin jiki, juna biyu, fara sassarfa bayan shekaru na zama, sabon takalmi, ko komawa aiki bayan doguwar jinya. Ƙafar da mutum ya yi shekara talatin da ita lafiya ba ta cika zama sanadin ciwon da ya fara watan jiya ba, sai dai idan ita ma ta sauya.

Akwai kuma abin da ya shafi ciwo mai daɗewa shi kansa. Idan zafi ya jima, jijiyoyin da ke kai saƙonsa ga ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin amsawa, ta yadda ɗan abu kaɗan zai tayar da shi ko da raunin farko ya warke. Rashin barci, damuwa da tsoron motsi suna ƙara rura wannan. Mai irin wannan hali, ko an gyara masa tsayuwar ƙafa daidai, ciwon ba lallai ya tafi ba.

Akwai abin da mutum zai iya dubawa da kansa?

Akwai, muddin ya ɗauke shi a matsayin manuniya kawai. Ya dafa bango ya tsaya a ƙafa ɗaya, ya ɗaga diddige sama ya sauke sau da yawa, sannan ya gwada ɗaya ƙafar. Kasa ɗagawa a gefe ɗaya, ko jin zafi a ƙasan idon sawu na ciki, alama ce da ta isa a kai wa likita. Ya fuskanci bango, ya ajiye babban yatsa kimanin santimita 10 daga gare shi, ya tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba. Idan ta kasa, ko ƙafa ɗaya ta gaza ɗayar sosai, idon sawun ya ɗaure. Ya kuma tsaya gaban madubi a ƙafa ɗaya ya ɗan durƙusa, ya ga ko gwiwar tana tafiya saitin yatsa na biyu ko tana faɗawa ciki.

Sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan takarda, wanda ake yawan ambata, ba ya faɗin abin kirki, domin kaurin naman tafin ƙafa kaɗai yana iya sa sawu ya fito a cike. Cinyewar takalmi ta gefen waje na diddige ma ba matsala ba ce, nan ne yawancin mutane ke fara sauke ƙafa. Abin lura shi ne bambanci mai yawa tsakanin dama da hagu.

Shimfiɗar cikin takalmi tana magani? Kuma dole sai wadda aka ƙera wa mutum?

Ba ta mayar da ƙafar baligi wata siffa daban, kuma da an cire ta ƙafar tana komawa yadda take. Abin da take yi shi ne sauya inda nauyi ke sauka, ta ba wurin da ke ciwo damar hutawa. Wannan amfani ne na gaske, amma yana da iyaka.

A Ostareliya an gwada ta a kan mutum 135 masu ciwon diddige, aka wallafa a 2006. Bayan wata uku ta ɗan taimaka, bayan shekara guda kuwa babu bambanci tsakanin masu ita da waɗanda aka ba ta bogi, kuma wadda aka ƙera bisa awon ƙafar mutum ba ta fi ta kanti ba. Wani gwajin a ƙasar, a kan mutum 179 masu ciwon gaban gwiwa, ya nuna a 2008 cewa tana gaggauta sauƙi a makonni shida na farko, amma ba ta fi atisayen likitan gashi ba. Game da baya, bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattarawa da tace binciken lafiya, ta yi a 2007 ta sami ƙwaƙƙwarar hujja cewa shimfiɗa ba ta hana ciwon baya. Irin wadda ake tada gefenta na waje domin masu amosanin gwiwa ita ma, da aka tattara gwaje-gwajenta a 2013, ba ta fi shimfiɗa marar tudu ba.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauke ta a matsayin gwaji. A fara da ta kanti mai ɗan tauri wadda ta zauna wa ƙafa daɗi, a sa ta awa ɗaya ko biyu a ranar farko, a riƙa ƙarawa, a kuma duba bayan mako huɗu zuwa shida. Idan ciwon ya ragu a ci gaba, idan bai ragu ba a ajiye ta, kada a yarda da cewa sai an sayi wadda ta fi tsada. Waɗanda ƙerarriyar ta fi yi wa amfani su ne masu ciwon suga da ƙafarsu ta daina ji, masu amosanin gaɓoɓi mai kumburi, masu zurfin kwarmi da ke ciwo, da waɗanda ƙafarsu ta karkace har ta kanti ba ta zauna musu.

Wane takalmi ya kamata a sa?

Rundunar sojan Amurka ta gwada raba wa dubban kurata takalmin gudu bisa siffar tafin ƙafarsu, kuma hakan bai rage raunuka ba idan aka kwatanta da ba kowa iri ɗaya. Don haka babu bukatar wani dogon lissafi. Takalmi ya zama yana da faɗin da yatsu za su baje, da sarari kimanin santimita ɗaya a gaban yatsan da ya fi tsawo, da bayan da ke riƙe diddige, kuma ya yi daɗi tun ranar farko. Gara a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Takalmi mai tsini yana tura nauyi kan gindin yatsu, kuma wani nazari da ya fito a mujallar Lancet a 1998 ya nuna yana ƙara matsi a gefen gwiwa na ciki, inda amosani ya fi kamawa. Yawan sa shi yana gajarta tsokar sha-raɓa. Silifa marar maɗauri kuma tana sa yatsu su riƙa damƙa domin kada ta fita, don haka ba ta dace da doguwar tafiya ga mai ciwon diddige ba. Tafiya ba takalmi tana ƙarfafa ƙananan tsokokin ƙafa, amma wanda bai saba ba ya shiga a hankali, mai ciwon suga kuwa kada ya yi ta ko a cikin ɗaki.

Ɗana ba shi da kwarmin ƙafa. In saya masa takalmin gyara?

Kusan kowane jariri haka ƙafarsa take, saboda kitse da laushin jijiyoyi, kwarmin kuma yana fitowa da kansa a cikin shekaru goma na farko. A 1989 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka inda aka raba yara masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa mai laushi gida huɗu, wasu aka ba su takalmin gyara ko shimfiɗa tsawon shekara uku, wasu ba a ba su komai ba, kuma a ƙarshe duk ƙafafunsu suka inganta daidai da juna. A Indiya kuma wani nazari na 1992 a kan yara 2,300 ya sami shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a kashi 8.6 cikin 100 na masu sa takalmi, da kashi 2.8 kacal na marasa sawa.

Haka ƙafar baka kafin shekara biyu da gwame a shekara uku zuwa huɗu, yawanci matakan girma ne da ke daidaita wajen shekara bakwai. A kai yaro asibiti idan ƙafar tana ciwo, ko ta ƙage, ko gefe ɗaya ne, ko lanƙwasar tana ƙaruwa, domin ƙarancin sinadarin kalsiyam ko bitamin D yana tausasa ƙashi. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe zuwa ciki lamarinsa daban ne: ana fara gyara ta da filasta tun makonnin farko, bisa hanyar da likita Ignacio Ponseti ya samar, kuma jinkiri yana wahalar da aikin.

An ce ƙafata ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Shi ne sanadin ciwon ƙuguna?

Yawancin mutane suna da ɗan bambanci na 'yan milimita wanda jiki ke shanyewa. Awo da tef yana yawan kuskure, kuma ɗaurewar tsoka a ƙugu tana iya sa ƙafa ta yi kamar ta gajarce. Bambancin da ya kai santimita biyu, kamar wanda ke biyo bayan karaya ko tiyatar ƙugu, shi ne aka fi yarda a cike da ƙarin tudu a takalmi, kuma a hankali ake ƙara shi.

Wane atisaye ne ke taimakawa?

Wanda ke ƙara wa gaɓoɓin ƙarfin ɗaukar aiki. Miƙar da sha-raɓa a jikin bango na daƙiƙa 30, sau ɗaya gwiwa a miƙe sau ɗaya a ɗan lanƙwashe, yana sakin idon sawu. Ɗaga diddige a hankali a bakin matattakala, da ƙafa biyu tukuna sannan da ɗaya, yana ƙarfafa agara da tsokar da ke riƙe kwarmi, kuma idan an naɗe tawul an sa a ƙarƙashin yatsu, faffaɗar jijiyar tafin ƙafa ma tana shiga aikin. Ga mai ciwon gaban gwiwa, ƙarfafa cinya da tsokokin gefen ƙugu shi ne maganin da ya fi kowane hujja.

Ana bukatar mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke hukunci. Ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi, amma idan gari ya waye ciwon ya fi na jiya, an yi yawa, sai a rage. Rage nauyin jiki ma yana cikin maganin, domin wani nazari na 2005 a kan masu amosanin gwiwa ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Yaushe ake tiyata?

Idan ƙafar kanta ce ke ciwo ko ta lalace, an kuma gwada sauran hanyoyi na watanni ba su yi ba. Ba a yi wa ƙafar da ba ta ciwo tiyata da fatan baya ko ƙugu za su warke.

Waɗanne alamu ne ke nuna lamarin ya wuce tsayuwar ƙafa?

Gaɓoɓin da ke kumbura su ƙage da safe fiye da rabin awa, musamman ƙananan gaɓoɓin hannu da ƙafa a gefe biyu, suna nuni ga amosani mai kumburi, wanda ke son magani da wuri kafin ya ci gaɓa. Gindin babban yatsa da ya kumbura ya yi ja cikin dare ɗaya da zafi mai tsanani yakan kasance taruwar sinadarin yurik ne. Ciwon sha-raɓa da ke zuwa bayan tafiya kaɗan ya tafi da an tsaya, musamman ga mai shan taba, yana iya zama toshewar hanyar jini. Mai sikila da ya fara ɗingishi da ciwon matsematsi a duba masa kan ƙashin cinya. Ciwon da ke hana barci ko an kwanta shiru, tare da zazzaɓi ko rama, ba na taku ba ne.

Akwai uku da ba sa jiran gobe. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi haka kawai, musamman bayan doguwar tafiya a zaune, tiyata ko haihuwa, tana iya zama daskarewar jini a jijiyar jini. Ciwon baya da ya zo da raunin ƙafafu, ko rashin ji a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, yana bukatar asibiti a ranar. Mai ciwon suga kuma da ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi fiye da ɗayar, ko da ba ya jin zafi, ya daina taka ta nan take a kai shi wurin likita, domin ƙasusuwan tsakiyar ƙafar suna iya rugujewa cikin 'yan makonni idan ya ci gaba da tafiya a kanta.